Fulel ɗin da Aka Ce Ni Na Kashe

Ƙarshen watan nan zan bar gonar da na daɗe ina ja wa tarakta. Yaron da zai gaje ni ya roƙi in rubuta masa abin da na sani game da fulel, injin yankan ciyawar nan da ke yashe a bayan gareji, wanda a bakin manaja ni ne na kashe shi. Na ce masa to, amma a fili zan rubuta inda sauran direbobi za su gani, tunda a fili aka shafa mini baƙin fentin.

Wanda ya saba da silasha ya san halinta: manyan wuƙaƙe biyu ne ke juyawa a kwance, su sare su watsar. Fulel daban yake. Ganga ce ta ƙarfe a gicciye, an rataya mata ƙananan wuƙaƙe ko gudumomi masu lilo, tana juyawa wajen sau 2,000 ko fiye a minti ɗaya. Gudun ne ke miƙar da wuƙaƙen su tsaya ƙyam. Idan ɗaya ta yi karo da dutse sai ta koma baya ta wuce, maimakon ta tura dukan gaba ɗaya zuwa akwatin giya. Murfi ya rufe gangar, don haka ciyawa tana zagayawa a ciki ana daddatsa ta har ta zubo ƙasa a niƙe, ta ruɓe da wuri ta koma taki. Shi ya sa ake son shi a bakin hanya, kusa da gidaje, ko inda dabbobi ke kiwo, domin ba ya cilla dutse nesa irin na silasha. Sai dai wannan niƙan ba kyauta ba ne. Fulel yana cin ƙarfin tarakta fiye da silasha mai faɗinsa, kuma ba ya son gaggawa.

A nan rigimarmu ta samo asali. Da aka yanke shawarar saye, manaja ya kira ni ofis ya tambayi ra'ayina, na kuwa ji daɗi, na zaci da gaske yake. Na ce masa abu biyu ake dubawa kafin a duba inji: tarakta da fili. Taraktarmu ƙarfin doki 45 ne a rubuce, kuma wannan na injinta ne. Abin da ke isa shaf ɗin PTO, wato shaf ɗin bayan tarakta da ke juya injin da aka haɗa mata, bai kai haka ba. Filayen kuma ba ciyawa zalla ba ce. Rabinsu tohon itatuwa ne masu kaurin babban yatsa, ga kututture a ɓoye, ga duwatsu a gefen kwari. Na ce a sayo mai faɗin mita ɗaya da rabi ko ɗan sama da haka, mai gudumomi, mai kaurin jiki. Ya gyaɗa kai, ya rubuta a takarda.

Abin da aka sauke mana daga mota mai faɗin mita 2.2 ne, da siraran wuƙaƙe masu siffar Y, irin waɗanda aka yi domin ciyawa mai laushi. Na zagaya shi sau ɗaya, na ƙwanƙwasa murfin da sifana, na ji ƙarar gwangwani.

"Ranka ya daɗe, wannan ya fi ƙarfin taraktarmu, kuma filinmu ya fi ƙarfinsa."

"Mai faɗi ya fi saurin gama aiki. Kai direba ne ko injiniya?"

Ban sake cewa komai ba. A lissafin takarda yana da gaskiya: faɗi ya ƙaru, zagaye ya ragu. A fili kuwa, da zarar na shiga ciyawa mai kauri sai muryar tarakta ta faɗi, hayaƙi ya yi baƙi, allurar PTO ta sauko ƙasa da juyi 540 a minti da injin ke buƙata. Idan gudun ganga ya ragu, wuƙaƙen ba sa tsayawa, sai su kwanta baya suna shafar ciyawa suna wucewa. Ka waiga ka ga layi-layi na ciyawa a tsaye, sun sunkuya kawai, gobe su miƙe. Bel kuma ya fara zamewa a kan fuli, warin ƙonannen roba ya biyo ka har kan kujera. Dole na koma giya mafi ƙanƙanta, ina cin rabin faɗin injin a kowane zagaye. Wato injin mita 2.2 yana yanka mini mita ɗaya, ina kuma ɗauke da nauyinsa duka a baya, gaban tarakta na neman tashi duk lokacin da na ɗaga shi a kwana. Na roƙi a sa ƙarafan nauyi a gaba, aka ce a jira.

Wuƙaƙen Y ba su yi laifi ba, aikin da ba nasu ba aka sa su. Tohon itace ya dinga lanƙwasa su, dutse na karya su. Guduma ɗaya tana da nauyin da zai farfasa irin wannan tohon ta wuce abinta. Siririyar wuƙa ba ta da shi. Kafin a je ko'ina ƙugiyoyi da yawa a jikin gangar sun zama wayam.

Na rubuta buƙata: a sayo wuƙaƙe irin na asali, da ƙusoshinsu da notinsu sabbi, kuma adadin ya ninka waɗanda suka karye, domin duk wuƙar da aka canza sai an canza kishiyarta da ke ɗaya gefen gangar. Manaja ya karanta ya yi dariya. Ya ce wayo nake so in yi, ta yaya abu bakwai zai karye a sayo goma sha huɗu? Ya sa mai walda ya yanko wasu daga tsohon ƙarfe, aka huda su aka ɗaura. Na ɗora ɗaya a tafin hannun dama, ta asali da ta sha aiki a na hagu. Ko makaho zai ji bambancin.

Ga abin da ya ƙi saurara, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. An daidaita nauyin ganga tun daga masana'anta, kowane gefe na riƙe da ɗan'uwansa. Bambancin giram 100 kacal, a nisan santimita 20 daga tsakiyar ganga, idan tana juyawa sau 2,000 a minti, yana zama fizga mai ƙarfin kusan kilo 90. Fizgar nan kuma zagayawa take yi, fiye da sau 30 a daƙiƙa ɗaya, kuma boris biyu da ke riƙe da gangar a gefe da gefe su ke shanye ta. Ba giris ɗin da zai cece su.

Ranar da na kunna shi da wuƙaƙen walda, tun kafin in kai totur inda ya kamata na ji abin a ƙafata. Madubin gefe ya daina nuna komai sai dishi-dishi. Sifanar da na ajiye a akwatin kayan aiki ta dinga rawa tana ƙara. Na kashe, na je na faɗa wa manaja. Ya ce masu gona za su zo duba fili a ƙarshen mako, a gama yankan ko ta halin ƙaƙa. Na rubuta a littafin aiki cewa injin na girgiza, na sanar, an ce in ci gaba. Na sa kwanan wata, na sa hannu.

Kullum da safe ina dura giris a boris ɗin nan, da rana in ƙara. Duk da haka, ana gobe baƙin za su zo, na ji ƙarar ta sauya, ta koma gurnani. Na sauka na kai hannu kusa da gidan boris na ɓangaren bel, zafi ya hana ni taɓawa. Giris ya narke ya zama baƙin ruwa yana ɗiga a kan busasshiyar ciyawa, har da ɗan hayaƙi. Allah ne ya kiyaye filin bai kama da wuta ba. Da bakanike ya kwance, boris ya tarwatse, ya ci bakin shaf, walda ta tsage a kusurwar murfi, gangar kanta ta ɗan karkace. Gyaran ya kusa kai sabo.

A zaman da aka yi gaban masu gona, manaja ya ce direba ne ba ya sa giris. Na ce a kawo littafin aiki. Aka nema aka rasa. Littafin da shekara da shekaru yake rataye a ƙusa ɗaya, ranar nan ya yi ɓatan dabo. Bakaniken da ya ga wuƙaƙen walda da idonsa ya sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsa ba, yana da iyali. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka yanki albashina. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. A gonar nan ba a taɓa kwance injin tarakta a hannuna ba, kuloci ɗaya na yi ta lallaɓawa tun da na zo, kuma kowa ya san haka, har manajan.

To, ɗan'uwa, duk abin da ka rubuta a littafin aiki ka ɗauki hotonsa da wayarka a ranar. Wannan ba ya cikin littafin masana'anta.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Ka tabbatar da gudun da injin ke so kafin ka haɗa: shaf na 540 haƙora 6 gare shi, na 1,000 galibi 21, kuma injin 540 da aka kunna a 1,000 kashe kansa zai yi, watakila har da na kusa. Ka kunna PTO a ƙaramin totur, ganga ta ɗauki gudu a hankali, sannan ka kai allurar PTO 540 ka bar ta a nan. In ciyawa ta yi kauri, giya za ka rage, kada ka taɓa totur. Yawancin sabbin direbobi akasin haka suke yi, suna ganin tausaya wa inji ne.

Idan taraktar tsohuwa ce wadda PTO ɗinta ke haɗe da giyar tafiya, kada ka yarda ka ja fulel ba tare da kulocin nan mai sakin juyi ba, wanda ke barin ganga ta ci gaba da juyawa ita kaɗai. In babu shi, ka taka kuloci a bakin rami, nauyin gangar ya ci gaba da tura tarakta gaba.

Tsayin yanka daga rolar baya ake saita shi, da sandar sama ta maƙalar nan mai ƙafa uku ta bayan tarakta. Rola ta zauna a ƙasa ta ɗauki nauyi, wuƙaƙe su tsaya sama da ƙasa da kamar santimita biyar. In ka ga ƙura na tashi a bayanka, ƙasa kake nomewa, wuƙaƙe da bel ne ke biya. Ciyawar da ta kai ƙugu a yi mata yanka biyu, na farko a sama.

Filin da ba ka sani ba, ka taka shi da ƙafa tukuna. Dutse da kututture sun fi sauƙi a kan waya da igiyar roba, waɗanda ke nannaɗewa a ƙarshen ganga su cinye robar da ke tsare boris. Jiƙaƙƙiyar ciyawa toshe murfi take yi, ka jira raɓa ta bushe. Busasshiya kuma ragar lagireto take toshewa, ka riƙa kallon allurar zafi. Sabon bel yana saki bayan awannin farko, a sake ɗaure shi. Notin wuƙaƙe a bi su kowace safiya. Kada ka kai hannu ƙarƙashin murfi sai ka kashe tarakta, ka zare makulli, ka ji gangar ta tsaya cik, domin tana daɗewa tana juyawa bayan an kashe. Kada kuma ka shiga ƙarƙashinsa kana dogara da haidurolik, ka sa masa waigi.

Na ji an ba da odar sabon fulel, mai faɗin mita 1.6, mai gudumomi. An ce manaja ya bayyana wa masu gona cewa ya yi nazari mai zurfi ya gano shi ne daidai da taraktar. Madalla. Idan ya iso, kada ka ɗaura shaf ɗinsa yadda ya zo. Ka raba shi biyu, ka sa rabi a tarakta rabi a inji, ka jera su gefe da gefe, ka ɗaga ka sauke a hankali ka ga inda tazarar ta fi gajarta. In ya yi tsawo a yanke bututun biyu da murfinsu daidai wa daida, a bar su suna shiga juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku a inda ya fi miƙewa. Shaf mai tsawo, ɗagawar farko zai tokare ya fasa akwatin giya, kuma ka riga ka san wanda za a ce ya fasa.