Zango ɗaya ina koya wa 'yan SS2 PowerPoint

Ɗakin kwamfutarmu na da na'urori goma sha huɗu, amma tara ne kawai ke tashi, su ma sai an lallaɓa su kamar tsohuwar mota da sanyin asuba. Ɗalibai kuwa sun haura arba'in a aji guda. A haka aka ɗanƙa mini darasin kwamfuta na 'yan SS2, kuma abin da ke gabanmu a wannan zangon shi ne PowerPoint, manhajar da ake tsara shafuka da ita don nunawa a allo lokacin gabatar da bayani. Na shiga da ƙwarin gwiwa, domin a ganina babu darasin da ya kai shi sauƙi. Ai danne-danne ne kawai.

Yadda aka koya mini haka na koya musu. Ga inda ake buɗe sabon aiki, ga Ctrl da M idan ana son ƙarin shafi, ga inda ake sa take, ga inda ake ɗauko hoto, ga F5 idan za a fara nunawa, ga Ctrl da S na adana aiki, wanda na yi ta maimaitawa har suka laƙaba mini shi a matsayin suna. Mako uku muka yi a kan wannan, yara kuma suka kama da wuri, har wasu suka riga ni gano wasu abubuwa. Sai na raba su rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar, na ce kowane rukuni ya shirya bayanin minti biyar a kan zazzaɓin cizon sauro.

Ranar gabatarwa na sha kunya, kuma tawa ce, domin duk abin da na koya musu sun yi shi daidai. Rukunin farko sun kwaso rubutu daga intanet sun zuba shi gaba ɗaya a shafi guda, ƙanana-ƙanana kamar tururuwa, jan rubutu a kan shuɗin bango. Mai gabatarwar ya juya wa aji baya, ya ƙura wa allo ido yana karantawa, yana tuntuɓe a kan kalmomin da bai taɓa jin su ba. Kowane layi sai ya shigo yana juyi, wani daga sama, wani daga gefe, ga ƙarar tafi duk lokacin da aka canza shafi. Aji ya yi ta shewa. Da ya gama na ce, "To, kai, wane irin sauro ne ke kawo zazzaɓin?" Ya waiga ya dubi allo, ya ce, "Malam, yana shafi na uku." Gaskiya ne, yana nan a shafi na uku, macen sauron Anofilis. Shi ne dai bai san da zamanta ba.

Na kwana ina juya abin a raina. Abin da ya buɗe mini ido shi ne tarihin manhajar kanta, wanda na koma na karanta don neman abin faɗa wa yara. A 1987 ta fito, daga wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Forethought, Robert Gaskins da Dennis Austin ne suka ƙirƙira ta, kuma a wannan shekarar Microsoft ya sayi kamfanin a kan dala miliyan 14. Ta farkon babu launi a cikinta, fari da baƙi ce kawai, balle juyi ko tafi. Aikinta shi ne a tsara shafuka a buga su a kan farar roba mai shara-shara, mai magana ya riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan majigi yana bayani da bakinsa. Wato tun asali mutum ne ke magana, shafi yana taya shi. Ni kuma na kwashe mako uku ina koya wa yara kwalliyar ɗan rakiya, na manta da mai tafiyar.

Mako na gaba ban kunna kwamfuta ko ɗaya ba. Na sayo farar takarda na yanka ta gida biyu, na ba kowane rukuni guda shida da alƙalamin rubutu a allo. Na ce kowace takarda magana ɗaya za ta ɗauka, kuma idan aka ɗaga ta a gaban aji, sai wanda ke kujerar ƙarshe ya iya karantawa ba tare da ya miƙe ba. Nan da nan dogon rubutu ya mutu da kansa, saboda babu wurin sa shi. Na kuma sauya batun. Na ce kowa ya zaɓi abin da ya sani a gida ko a unguwa: kiwon kaji, ɗinkin hula, noman albasa, gyaran waya. Wanda ya san abu ba ya buƙatar juya baya ya nemo shi a allo. Wata riba da ban yi tsammani ba, ƙarancin kwamfuta ya daina damunmu, domin kafin rukuni ya zauna gaban na'ura ya riga ya san abin da zai sa, cikin minti ashirin ya gama ya ba wasu wuri.

Shugaban makaranta ya leƙo ya ga yara da takardu, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ina ce darasin kwamfuta ne wannan?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu." Ya yi shiru ya wuce, amma na ga alamar bai gamsu ba.

A lokacin ne na ba su labarin kumbon Columbia, wanda ya tarwatse a watan Fabrairun 2003 yana dawowa duniya, mutum bakwai suka rasu. Kwamitin binciken ya soki yadda aka dogara da shafukan PowerPoint wajen isar da bayanin haɗari, har muhimmiyar magana ta maƙale a can ƙasan shafi cikin ƙaramin rubutu. Ban ba su labarin don tsoratarwa ba, so nake su gane cewa abin da ya fi muhimmanci shi ke hawa sama da manyan baƙaƙe. Daga ranar suka daina sa take irin "Gabatarwa" ko "Bayani", suka koma rubuta maganar kanta, misali "Kaza na ƙyanƙyashe ƙwai a kwana 21".

Sauran darussan wahala ce ta koya mana su, ɗaya bayan ɗaya. Na bar wasu su yi nasu da Hausa, sai muka gano cewa salon rubutu masu ƙawa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Wani harafin ya fito daban kamar baƙo a cikin 'yan gida, wani ya zama ɗan akwati. Wani rukuni suka ce bari su cire lanƙwasar su huta, sai takensu na ƙara samun masara ya koma "kara", aji ya ce ashe karan suke nema. Muka tsaya a kan Arial da Times New Roman. Sai matsalar filas, 'yar na'urar da ake ajiye aiki a ciki, inda ƙwayar cutar kwamfuta ta ɓoye aikin rukuni biyu a dare ɗaya, daga nan kowa ya koyi tura wa kansa kwafi ta waya, ya kuma adana wani a matsayin PDF, wanda ke buɗuwa yadda aka bar shi a kowace na'ura. Majiginmu tsoho ne mai bakin VGA, kwamfutar da aka aro kuwa HDMI kaɗai gare ta, rabin darasi ya tafi a neman mahaɗi. Masu wayar hannu a gida sun gane cewa da WPS Office ko Google Slides za su iya fara aiki tun kafin su zo, a kan na'urorin da babu PowerPoint kuma muka sa LibreOffice Impress, tunda kyauta ce.

A gabatarwar ƙarshen zango shugaban makaranta ya zo ya zauna a baya. Rukuni na huɗu wata yarinya ce ke magana, mai shiru-shiru, wadda da ƙyar ake jin muryarta a aji. Batunsu shi ne yadda ake fitar da man gyaɗa, sana'ar mahaifiyarta. Shafi shida ne, kusan duk hotuna da ta ɗauka da waya a tsakar gidansu. Tana shafi na uku, inda ake niƙa gyaɗar bayan an soya an murje ɓawon, sai wuta ta ɗauke. Allo ya yi duhu, aji ya ɗauki "Kash!", ni kuma na miƙe zan je neman mai tayar da janareta. Sai na ji ta ce, "Malam, bari in ƙarasa." Ta zaro takardun nan shida daga cikin littafinta, ta ɗaga ta huɗu, ta ci gaba da bayanin yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso, yadda ake matse tunkuza, da yadda ake mulmula ta a soya ƙuli-ƙuli a cikin man da ta bayar. Wani ya tambaye ta me ke faruwa idan ruwan ya yi yawa, ta amsa ba tare da ta dubi komai ba. Shugaban makaranta da kansa ya yi tambaya biyu.

Bayan haka na nuna musu harafin B, wanda idan aka danna shi ana cikin nuni allo zai yi baƙi, a sake dannawa ya dawo. Yanzu duk mai gabatarwa sai na danna masa shi sau ɗaya, a inda bai zata ba, in ga ko zai ci gaba. Yara suna kiran abin "ɗaukewar wutar Malam". Yaron nan na rukunin farko ya tsallake ta a karo na biyu, da bayani a kan gyaran babur, sai dai har yau bai yarda ya cire ƙarar tafi daga shafinsa na ƙarshe ba, ni ma na ƙyale shi.