Ranar da Kwastomomin Kawu Suka Faɗa Teku

Asabar, Agege.

Ko gari bai gama wayewa ba Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a kan benci a ƙofar gida, kofin shayi a gefe, ga littafin nan nasa mai baƙin bango wanda ya sha dauɗar hannu da warin albasa. Duk masu karɓar kayansa suna ciki: masu buka, masu tsire, otal uku, da matan da ke sara su je su kasa. Ya haura shekara ashirin yana sayar da albasar Aliero a kasuwar Mile 12 da ke Legas, amma hanyar gidan kowane kwastoma a kansa take, sai kuma kan tsohon direbansa. Direban ya tafi gida aurar da 'ya, ba zai dawo ba sai bayan wata guda. Sabon da aka ɗauka kuwa jiya ya kwashe awa uku yana bulayin neman buka ɗaya a Mushin, da buhu shida a bayan mota.

"Kai da kullum kake cika mana baki da taswira a kwamfuta," in ji Kawu, "yau ga ranarka."

Na ce, "To Kawu, Allah ya ba ni iko."

Gaskiya na ɗan shirya. Mako biyu ke nan ina sa yaron da ke bin mota ya turo mini inda suke ta WhatsApp duk inda suka sauke kaya, ni kuma ina kwafe lambobin wurin a Excel. Wuri 46 na tara. Kowane wuri lamba biyu gare shi: ɗaya tana faɗin nisansa arewa da layin da ya raba duniya biyu, ɗayar tana faɗin nisansa gabas. Legas tana wajen 6.5 arewa, 3.4 gabas.

Na buɗe Google My Maps, na ɗora fayil ɗin. Manhajar ta tambaye ni wane layi ne na arewa, wane ne na gabas, ni kuma ina amsa wa ƙanwata maganar kuɗin burodi, na danna ba tare da na duba ba. Da taswira ta buɗe sai na ga shuɗi fetal, ba titi ba gida. Ɗigo 46 sun taru tsamo-tsamo a tsakiyar teku, can kudu da Neja Delta. Ashe na juya lambobin ne, 3.4 ta koma arewa, 6.5 ta koma gabas. Kawu ya leƙo ta kafaɗata, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wasu daga cikinsu dama can ya kamata su kasance." Masu bashi yake nufi.

Na goge na sake ɗorawa. Wannan karon kowa ya dawo tudu.

Sai aikin launi. A Excel ɗin na riga na yi layi guda na yadda kowa yake biya, don haka na umarci manhajar ta raba musu kala bisa wannan layin, ba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Masu biya hannu da hannu kore, masu biya ƙarshen mako ruwan ɗorawa, waɗanda sai an yi ta sintiri ja. Nan take gefen hagu ya fito da jerin launukan da ma'anar kowanne da adadin mutanen da ke ciki, abin da malaminmu na labarin ƙasa yake kira mabuɗin taswira. A nan ne Kawu ya ajiye shayinsa. Jajayen guda tara ne, kuma shida daga ciki sun jeru kusa da juna a gefe ɗaya na gari. A littafi, suna warwatse a shafi daban-daban, bai taɓa lura ba. Ya yi shiru, ya ce duk shidan mutum ɗaya ne ya haɗa shi da su. Ban ce komai ba, wannan ba hurumina ba ne.

Abin da ya hana shi ne sunan da na ba jan. Na rubuta "masu taurin bashi". Ya ce, "Kai yaro, takardar nan a gaban mota za ta zauna. Idan matar nan ta leƙa ta ga sunanta da ja, ta sa aka karanta mata fa? Ka kashe mini ciniki ke nan." Muka yi ta juya magana, daga ƙarshe aka tsaya a kan "a kira Alhaji kafin a sauke". Ma'ana ɗaya ce, amma babu wanda zai ji an ci masa fuska. Ban taɓa tunanin rubutun mabuɗi ma yana buƙatar kara ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ya riƙe ni, fanka ce dai ta tsaya, na koma aiki da singileti.

Zana iyakoki shi ya fi cin lokaci. Akwai yaron da ke kai ƙananan saƙo da mashin daga shagon da muke ajiye kaya a nan Agege, kuma shi ne abin tsoron. Tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Goma ke nan cikin ashirin, kuma Mile 12 kanta a cikin Kosofe take. Mashin ɗin da aka kama ba tara ake biya a karɓo ba, murƙushe shi ake yi. Agege ba ta cikin jerin, amma kafaɗa da kafaɗa take da Ikeja, kuma babu wani allo a titi da zai ce maka ka tsallaka.

Don haka na buɗe sabuwar shimfiɗa daban, wato wani shafin zane da ake ɗorawa a kan taswirar (goma kawai ake ba mutum a taswira ɗaya, ni huɗu sun ishe ni), na ɗauki abin ja layi na fara bin iyakar Ikeja, kusurwa bayan kusurwa, ina dubawa a wata taga inda Google Maps ke nuna iyakar. Sai ka dawo ka danna ɗigon da ka fara da shi kafin siffar ta rufe ta cika da launi. Sau biyu hannuna yana kuɓucewa, na rufe ta tun ban kai ba, ta fito kamar yankan kankana. Da ta yi daidai kuma sai launin ya yi kauri ya binne tituna, sai da na ja abin rage duhu har sunayen hanyoyi suka riƙa fitowa ta ƙarƙashi, na kuma ƙara wa bakin layin kauri. Kawu ya ce in tura layin ya shigo cikin Agege kaɗan. Na ce ai ba nan iyakar take ba. Ya ce shi ba iyakar gwamnati yake so ba, iyakar da yaro zai juya yake so. Na matsar.

Cikin wasa na ɗauki ma'aunin manhajar na bi gadar Third Mainland daga Oworonshoki zuwa tsibirin Legas, in ga ko gaskiya take faɗa. Ta ba ni kusan kilomita 11.8 ɗin da aka sani. Minti goma na ɓata a banza, amma raina ya yi daɗi.

Sunaye kuma wani labari ne. Da na kunna su, sai ga sunayen da ke kan allon shagunan, da Turanci da Yarbanci, dogaye, suna hawa kan juna har wasu suna ɓacewa idan ka ja taswirar baya. Na kira sabon direban na nuna masa, ya ce shi bai san ko ɗaya ba. Yaron mota ya karɓi kujera ya riƙa faɗa ina rubutawa: "Iya mai faɗa", "Bayan Markaz", "Mai tsiren Abbatuwa", "Ƙasan gadar Pen Cinema". Gajeru ne, sun zauna daram, kowa ya gane. Ita Pen Cinema ɗin ma ai suna ne ya rage, duk wanda ya ce zai je can ba kallon fim yake nufi ba.

Bayan la'asar na tafi shagon buga takardu. Kuɗin mai kala ya ninka na baƙi da fari sau da yawa, ga kwafi biyar nake so, sai na ce a buga mini baƙi da fari. Takarda ta fito, gabana ya faɗi. Ja da kore duk sun koma ruwan toka iri ɗaya, mai biya hannu da hannu da mai taurin bashi sun zama 'yan uwa. Mabuɗin da na yi ta alfahari da shi ya zama ɗigo uku masu kama da juna. Yarinyar shagon ta ce kullum sai an yi haka. Na ari kujera a wurinta na sauya alamomin: masu biya nan take da'ira, na ƙarshen mako murabba'i, na "a kira Alhaji" tauraro. Launin yana nan ga mai dubawa a waya, siffar kuma ta tsaya wa mai takarda. Da ma an ce akwai mazan da idonsu ba ya raba ja da kore, to ga shi na ɗauke musu nauyi ba da niyya ba.

Da magariba na miƙa wa Kawu. Ya sa tabarau, ya juya takardar har sai da Ikorodu Road ta fuskanci inda yake jin take, ba ruwansa da cewa arewa ce a sama. Ya ciro biro ya yi wa yankin Ikeja zane-zane a karkace don ya ƙara fitowa, sannan a gefen mabuɗin ya rubuta ma'anar kowace alama da ajami, don direban allo ya yi, bai yi boko ba. Ya ƙirga taurarin da yatsa, tara. Ya ce gobe in ƙara ɗaya, akwai wani mai otal a Ketu da ya fara canza hali.

Na tura wa direban taswirar a wayarsa, amma ya ce takardar ta fi masa. Ya naɗe ta huɗu ya cusa a aljihun gaba. Ƙarfe biyar na asuba za su yi lodi.