Ashe ƙofa ce

Laraba, bayan isha'i.

Yau saura kaɗan in wurgar da kwamfutar nan waje wallahi. Kwana huɗu kenan intanet ɗin babbar kwamfutar shago yana min wasa da hankali, minti goma lafiya lau, sai kawai ka ga ɗan hoton nan na ƙasa kusa da agogo ya rikiɗe ya koma ƙwallon duniya, kafin ka gama tsaki kuma ya dawo kamar ba shi ba. Da ma mutuwa ya yi gaba ɗaya da na san inda zan nufa, amma wannan na je-ka-ka-dawo shi ke cin rai, balle kana tsakiyar loda hoton fasfo ɗin wani ya kusa gamawa sai abu ya tsaya cak.

Da safe wani dattijo ya kawo 'yarsa cike fom ɗin makaranta, sau uku shafin yana mutuwa a hannuna. Ya ce ɗana ko mu je mu dawo gobe ne? Na ce a'a Baba a yi haƙuri, sabis ne, yanzu zai dawo. Haka dai suka gaji suka tafi. Ni kuma na ci gaba da zagin kamfanin data a raina, don jiya ma sai da na kira su na zazzage wa wata baiwar Allah faɗa tana ta ba ni haƙuri.

Abin da ya fara sa ni shakka, yaron shagona yana gefe yana kallon bidiyon ƙwallo a wayarsa da wifi ɗin rauta (na'urar da ke raba mana intanet) ɗaya tak da muke kai, ko tsayawa ba ya yi. To in kamfani ne ai da tare za mu sha. Sai na buɗe baƙin allon nan na cmd, inda ake rubuta wa Windows umarni, guda biyu, don in yi ping, wato aika ɗan saƙo a ga ko za a amsa, ɗaya na sa ping 192.168.0.1 -t wato ita rautar kanta, ɗaya kuma ping 8.8.8.8 -t na Google, na jera su na zuba ido. Lissafin mai sauƙi ne, in na waje kaɗai ya yanke na rauta yana tafiya to matsalar daga can ce, in kuwa duka biyun suka faɗi tare to a cikin ɗakin nan take. Ban yi minti biyar ba duka biyun suka zube tare, Request timed out, sai General failure a jere, wato saƙo ba ya kaiwa, can kuma suka farfaɗo. Jikina ya yi sanyi, na tuna baiwar Allahn jiya.

Daga nan ne na yi wautar da ta cinye min awa biyu. Maimakon in tashi in bi kebul ɗin da ya haɗa kwamfutar da rauta da hannu sai na nutse cikin saitin Windows, don zama ya fi daɗi. Na shiga Device Manager, katin da kebul ɗin intanet ke shiga na Realtek ne, na cire alamar nan da ke ba kwamfuta damar kashe shi don adana wuta, na kashe Energy Efficient Ethernet, na sauke sabon direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ta waya na tura da filash, na yi ipconfig /release da /renew don rauta ta sake ba kwamfutar adireshi har ban san adadi ba, na canza ramin da kebul ɗin ke shiga a bayan rauta. Duk sanda na taɓa wani abu sai ya yi shiru na ɗan lokaci in ce alhamdulillah an gama, sai ya sake. Abu ɗaya dai na tsinta a wahalar nan, gudun layin yana nuna 100 Mbps alhali da kati da rauta duk na gigabit ne, wato ninki goma na wannan, kamata ya yi in ga 1.0 Gbps. Kebul ɗin nan silin waya takwas ne a cikinsa, an murɗe su bibbiyu, gigabit sai duka takwas ɗin suna da rai, shi kuwa 100 huɗu ma sun ishe shi. Kenan wani sili ya riga ya tsinke tuntuni ban sani ba.

Bayan azahar ina zaune na dafe kai, yaron nan ya ce oga in faɗa maka wani abu? Na ce faɗi. Ya ce duk sanda aka buɗe ƙofar ciki fitilar bayan kwamfutar take mutuwa, tun ɗazu nake gani. Na ce kai don Allah rabu da ni. Ya tashi ya tura ƙofar, ping ya faɗi. Ya janyo ta, ya dawo. Sau uku ya yi yana dariya ƙasa-ƙasa.

Rautar a ɗakin ciki take, na rataye ta jikin taga don nan ne take kama sabis sosai, kebul ɗin kuma ni da kaina na bi da shi ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfen nan na rufe da leda. Da na ɗaga ledar wurin ya baje kamar an taka da mota. Na yanka da reza, sili mai ruwan ƙasa ya rabu biyu, mai ruwan lemo kuma yana riƙe da ƙyar, shi ne ƙofa ke ɗaga shi tana mayarwa. Na kankare ɗaya sai ga fari a ciki, ashe ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyom ne aka yi wa shafe, irin mai arahar nan da ke karyewa da an lanƙwasa shi sau kaɗan. Lokacin da na saya har murna nake na yi ciniki.

Na hau adaidaita zuwa Beirut Road, inda ake sayar da kayan waya da kwamfuta, na sayo mita 15 na kebul irin Cat6, na sa mai shagon ya kankare a gabana na ga ja har ciki kafin na biya, ya ce Malam ai ba ma sayar da wancan, na ce na sani amma dai kankare. Wurin matse wa kebul ɗin kai na farko na ɓata guda ɗaya, na musanya kore da shuɗi. Bari in rubuta jerin a nan don gaba: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wannan karon ta saman ƙofa na bi da shi, na kafe da ƙananan ƙusoshin waya.

Ya nuna 1.0 Gbps. Na bar ping yana gudu har magariba, na sa yaron ya yi ta buɗe ƙofa yana rufewa, ko ɗaya bai faɗi ba. Na saya masa tsire da lemo mai sanyi, ya ce oga gobe ma in na gano wani abu akwai? Ban ko ci abincin rana ba sai yanzu na tuna. Baba da 'yarsa ƙarfe tara za su dawo, na bar fom ɗinta a shafi na biyu.