Siminti a jikin zauren ƙasa

Shekarar da aka fara ba ni darasin adana tsofaffin gine-gine a sashenmu na zanen gine-gine, da jaka cike da takardu na shiga aji. Na karanta wa 'yan aji uku Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda ta ce a kiyaye ainihin kayan da aka yi gini da su, in kuma an yi ƙari a bar shi a fili yadda mai kallo zai bambance sabo da tsoho. Suka rubuta, suka haddace, suka ci jarrabawa. Ranar ƙarshe na tambaye su mece ce azara. Hannun da aka ɗaga bai fi uku ba, alhali yawancinsu a Kano aka yanke musu cibiya.

Da shekara ta zagayo sai na kwashe sababbin ɗalibai muka shiga cikin birni. Gidan Makama muka fara zuwa, gidan da aka gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau sarautar Kano a 1463, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Na hana su ɗaukar hoto har sai kowa ya ɗaga kai ya zana rufin da hannunsa. A nan suka ga azara ido da ido: giginya ce ake tsagawa, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma in tazarar ta kai wajen mita biyu sai ta fara lanƙwasa. Wannan gajartar ce ta haifi baka, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar rufi. Magini yakan jera azara hawa-hawa daga jikin bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ya ɗaure, ya lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, an samu ɗaurin guga ke nan. Wata ɗaliba ta daɗe tana kallo, can ta ce, “Malam, ashe wannan ma lissafi ne.” Na ce mata lissafi ne, sai dai mai shi bai taɓa rubuta shi a takarda ba.

Daga nan muka bi ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya soma tun ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Ba sai na tsawaita a kanta ba, duk mai wucewa yana ganin halin da take ciki: nan an yi juji, can an ɗebi ƙasarta, gaba kaɗan an kafa shago a kanta. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 wajen faɗaɗa titi. Tun 2007 ganuwar ke jiran shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO, ga shi tsohon garin Agadas ya shiga cikakken jerin a 2013.

Amma kallo kawai ba ya sa hannu ya iya aiki. Ta hanyar wani ɗalibina muka samu wani tsohon gida a cikin birni, na wata Hajiya, mai zaure da zankwaye huɗu. Ta yarda mu auna shi, mu zana, mu kuma gyara inda ya zaizaye a gindin bangon waje. Sati biyu yara suna awo da tef, suka gano cewa babu kusurwa ɗaya a zauren da ta miƙe yadda kwamfuta ke so, kuma kaurin bangon a ƙasa ya kusa ninka na sama. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Wajen gyaran ne na yi ɓarnar, kuma ni na yi ta, ba su ba.

Lokaci ya ƙure, damina ta kusa, jarrabawa na tafe. Ɗaliban suka ce a cike ramukan da ƙasa a bi da filastar siminti, zai fi ƙarko, kuma ai zai nuna sabon aiki daban da tsoho kamar yadda na koya musu. Na san littattafai sun yi gargaɗi a kan haka. Na ce a raina ɗan wuri ne, ba zai yi komai ba. Muka sayi buhu biyu, aka shafe, ya yi sumul. Hajiya ta sa mana albarka, har da fura.

Bayan damina na koma. Filastar tana nan a tsaye, ba ko tsaga. Ina cikin murna sai ga wani tsohon magini na unguwar, wanda tun yana yaro yake yaɓen gidan tare da mahaifinsa. Muka gaisa. Ya ƙwanƙwasa simintin da bayan yatsa, sai ya yi ƙara kamar an buga ƙwarya.

“Malam, kai ka sa aka yi wannan?”

“Ni ne, Baba.”

“To ka toshe masa hanci. Bangon ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa. Yanzu ya sha, ya rasa ta inda zai fitar.”

Ya sa ƙarfe ya ɗan ɓamɓara, sai faffaɗan ɓawo ya faɗo gaba ɗaya, ya taho da ƙasar bangon. A bayansa tubalin ya jiƙe ya zama kamar tuwo, ramin ya fi yadda muka same shi zurfi. Sannan ya ja ni gefe ya nuna mini indararon da ke sama. Ya karye tun tuni, ruwan rufin yana zuba daidai gindin bangon. Sati biyu muka yi muna auna zauren nan, indararon ma yana cikin zanenmu, amma babu wanda ya tambayi inda ruwansa ke sauka.

Na roƙe shi ya koya wa ɗalibaina. Da farko ya ƙi, ya ce me zai gaya wa masu digiri. Da ya yarda, sharaɗinsa ɗaya ne: kowa ya cire takalmi ya shiga kwaɓi. Ya sa aka haɗa jar ƙasa da ciyawa, aka tattake, aka bar ta kwanaki tana tsima, ana dawowa ana sake tattakewa. Ya nuna musu yadda ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, da yadda ake jera shi tsinin yana kallon sama. Ya jiƙa ɓawon 'ya'yan ɗorawa ya fitar da makuba, ruwan nan mai duhu da ake shafe bango da shi don ruwa ya zame. Da aka zo kan laso, abin da ake shafe rufin soro da shi, sai ya tsaya ya lissafa: katsi daga ramin marina, gashin jima daga wajen majema, da yauƙin dafara daga daji. Ya ce samun katsi mai kyau yanzu sai an sha wuya, don ramukan rini da ke aiki sun ragu, ko a Ƙofar Mata. Ban taɓa kawowa a raina cewa rufin soro yana da alaƙa da kasuwar rini ba. Haka kududdufan da ake ɗibar ƙasa, ruwan unguwa kuma ya gangara cikinsu, an cike da yawa an yi gini a kai.

Tun daga nan na sauya yadda nake karantar da Yarjejeniyar Venis. An rubuta ta ne da ginin dutse a zuciya. Bangon da ake yi wa sabon yaɓe kafin kowace damina, fatarsa ta bana ba ta bara ba ce, to ina ainihin kayan da za a kiyaye? Yanzu ina haɗa musu da Takardar Nara ta 1994, wadda ta yarda cewa asalin abu yana iya kasancewa a cikin fasaha da al'adar masu yin sa. Ina kuma kai su Zariya su ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda aka kewaye da sabon gini a shekarun 1970. Kowace shekara sai sun yi musu a mota: wasu su ce an cece shi daga ruwa, wasu su ce an sa shi a keji. Ba na raba musu gardamar, ko da yake ni zuciyata ta fi karkata ga na biyun.

Akwai maganar da har yau ban samo mata amsa ba, ta Hajiya ce. Da muka gama gyaran na biyu, da kuɗin aljihuna wannan karon, ta ce, “Malam, ku kuna zuwa ku ce gidan yana da kyau, ku koma gidajenku na bulo. Ni ce nake biyan yaɓe duk shekara, ni ce kuma ba na barci in hadari ya haɗo.” Jikokinta suna so a rushe a sa bulo da kwano, don a wurinsu gidan ƙasa alamar rashi ce. Ba ƙarya ta yi ba. Saboda haka yanzu duk ɗalibin da ya kawo mini zanen gyaran tsohon gida, sai ya haɗo da lissafin abin da mai gidan zai riƙa kashewa duk shekara, da bayanin wanda zai yi aikin. Wanda bai kawo ba, ina mayar masa da takardarsa.

Bana Baba bai iya hawa tsani ba, ƙafa ta matsa masa. A kan tabarma ya zauna a inuwar zauren yana nuni da sanda, ɗalibar nan da ta yi maganar lissafi, wadda yanzu take digiri na biyu, ita ke gwada wa 'yan aji uku ƙasar da tafin hannu tana cewa a ƙara mata kwana biyu. Indararon muka fara dubawa kafin a fito da tef.