Hanyar Xiaolin, inda tsauni ya sauko

Daga birnin Kaohsiung da ke kudancin Taiwan na hau mota zuwa Jiaxian, wani ƙaramin gari da ya yi suna wajen noman gwaza. Tun kafin mu isa, kogin Qishan da hanya ke bi ta gefensa ya ɗauke mini hankali, domin ruwan cikinsa bai taka kara ya karya ba, amma tsakuwa da manyan duwatsu masu ruwan toka sun cika kwarin daga gaɓa zuwa gaɓa.

Abin da ya kai ni can shi ne ƙauyen Xiaolin. A watan Agustan 2009 mahaukaciyar guguwar nan mai suna Morakot ta kwararo ruwa fiye da milimita 2,500 a wasu tsaunukan kudancin ƙasar cikin kwana uku, wato kusan abin da Kano ke samu a damina uku. Da sanyin safiyar 9 ga wata gefen tsaunin Xiandu ya zaftaro, ya binne wani sashe na ƙauyen, ya kuma toshe kogin. Ba a jima ba toshiyar ta ɓalle, ambaliya ta tafi da abin da ya rage. Mutum fiye da 400 suka rasu.

Sai da na tsaya a gindin tsaunin na fahimci yadda ruwa ke iya wannan aiki. Na tsinci wani ɓallin dutse na murza shi, sai ya ruɓushe a hannuna kamar busasshiyar laka. Irin wannan dutse hawa-hawa yake, idan aka daɗe ana sheƙa ruwa sai ya tsatsa cikin tsagogi, ya ƙara wa ƙasa nauyi, ya raba hawan sama da na ƙasa har gangaren ya suɓuce. Girgizar ƙasar da aka yi a Taiwan a 1999 ita ma ta riga ta sassauta tsaunuka da dama a tsibirin.

Na tashi da sanin cewa bishiya ce maganin zaizayar ƙasa, amma a nan tsagewar ta yi zurfin da saiwa ba ta kai ba, don haka kurmin gaba ɗaya ya sauko tare da ƙasarsa. Wannan ya daɗe yana yi mini nauyi a zuciya.

A filin tunawa da mamatan an dasa bishiyoyi domin iyalan da suka salwanta. Na iske wata dattijuwa durƙushe tana cire ciyawa a gindin ɗaya daga ciki, na gaishe ta da sunkuyar da kai, ta amsa, ta ci gaba da aikinta.