Tsohon gidan ƙasa a Maradi: inda gyara ke zama ɓarna

Aikinmu gyaran tsofaffin gidajen ƙasa ne, kuma yawancin waɗanda ake kiranmu dominsu a unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo da Limanci an gina su ne bayan ambaliyar Gulbin Maradi ta 1945, lokacin da gari ya tashi daga fadama ya hau tudu. Tun daga nan kowane magaji ya taɓa gidan da hannunsa: wannan ya yi yaɓen siminti, wancan ya ɗora kwano, wani ya fasa zaure ya mai da shi shago.

Yaɓen simintin nan shi ya fi kashe bango. Ƙasar bango tana shan danshi daga tushe ta fitar da shi ta jiki, to idan aka rufe ta da siminti sai danshin ya rasa hanyar fita, tubali ya riƙa rugujewa a ɓoye alhali fuskar bango sumul. Ƙwanƙwasa yaɓen da bayan cebur; in ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da ƙasar. Mukan ɓamɓare shi daga gindi zuwa kamar mita 1, mu bar wurin ya sha iskar rani, sannan mu cike ramin da tubali da kwaɓin ƙasa iri ɗaya da ta asali, wadda aka haɗa da yankakkiyar ciyawa aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Ba a cikewa gaba ɗaya, sai sahu-sahu, kowane ya bushe. In maigida ya nace sai siminti, a fara kafa ƙusoshi da ragar waya, kuma a san cewa jinkirta matsalar aka yi.

Rufi kuwa, azarar giginya ba ta son tazarar da ta wuce kamar mita 1.8, shi ya sa magina na da suke ɗaure manyan ɗakuna da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙi na ƙasa da azara mai ɗaukar rufi. Mai rushe bangon tsakiya don ya faɗaɗa falo yakan manta azara a kansa take kwance. Ƙarfen IPN, wato dogon ƙarfen da ake gindayawa ya ɗauki nauyin rufi, yana maye gurbin bangon, amma kada a ɗora kansa a kan ƙasa tsura, don zai nutse ya tsaga bango; sai an yi masa matashi na kankare. Kawunan azarar da ke cikin bango su ake fara dubawa, nan gara ke shiga.

Masu ɗora kwano sukan sare zankwaye su bar kan bango a buɗe. Ya kamata kwanon ya leƙo waje daga bango aƙalla santimita 40, musamman ta gabas inda hadari ke bugowa.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba: titi yana tashi da yashi da shara shekara bayan shekara, har daɓen zaure ya koma ƙasa da hanya. Ruwan Agusta ya shigo, ya kwanta a gindin bango. Maganinsa dakali mai gangare zuwa waje, da ɗaga dokin ƙofa, da tsawaita indararo yadda ruwa zai zuba nesa da jikin gini. Bututun makewayi da aka cusa cikin bangon ƙasa daga baya, mukan fito da shi waje duk inda muka same shi.

Duk wannan aikin rani ne, a gama shi kafin watan Yuni.