Tsohon dam ɗin ƙasa a gona: a duba shi kafin Agusta

A gonakin Gombe da Bauchi, dam ɗin da aka gina bangonsa da ƙasa kan fara lalacewa ta ciki, tun ido bai gani ba. A zaga bayan bangon, a duba ruwan da ke tsattsafowa. In garau yake, a riƙa auna shi da bokiti kowane mako. In ya taho da laka, ƙasar bangon yake kwashewa: a rage ruwan dam ɗin sannu a hankali, a kira injiniya a ranar. Saiwar bishiya, ramin gafiya da gidan gara ne ke buɗe wa ruwan hanya.

A share mafitar ambaliya, a bar tazarar aƙalla mita 1 tsakanin ruwa da saman bango. Dam ɗin naka ne, amma in ya fashe, ƙauyen da ke gangare ruwan zai fara ci, don haka a sanar da dagaci da ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha.